Reshe Biyar a Kan Kututture: Tarihin Sassaben Zamani a Ƙasarmu

Duk ɗan manomi a ƙasar nan ya san sassabe. Kafin ruwan farko maigida zai fita da gatari da adda, yara na biye da shi, a sare duk sabara da kalgon da suka toho a gona tun bayan girbi, a tara, a cinna wuta. Da la'asar ko'ina ka duba hayaƙi ne. A shekarun 1960 da 1970 gonar da aka share ƙal ita ce gonar mutumin kirki. Wadda aka bar wa tsiro kuwa, ko dai ta rago ce, ko ta wanda ya tafi cin rani bai dawo ba. Haka ido ya saba, kuma abin da ido ya saba da shi shi ake kira kyau.

Yau in ka shiga mota daga Gidan Rumji, ka ratsa Maraɗi da Cadawa da Agye har Gazawa, itatuwa za ka gani tsaye a tsakiyar gonakin hatsi, dama da hagu. Galibinsu babu wanda ya dasa su. Mu da aka haifa bayan 2000 mun tashi mun tarar da su, shi ya sa muke ɗauka tun fil azal haka ƙasar take. Tsofaffinmu sun san lokacin da mutum kan tsaya a bakin gari ya hango garin gaba, babu abin da ya tare masa ido.

A zaman ƙungiyarmu muna yawan maganar ƙirƙira da fasahar tsara abu, kuma kusan kullum misalanmu daga waya suke fitowa: wane ya zana tambari, wance ta haɗa hoto. To, ni a ganina aikin tsari mafi girma da aka yi a jihar Maraɗi cikin shekara hamsin ɗin nan, da gatari aka yi shi, kuma waɗanda suka yi shi yawancinsu ba su taɓa zama a bencin lakwal ba. Sunan da suka ba shi sassaben zamani.

Barin itace a gona tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, cewa ya kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Kakanninmu kuma suna da saura: a noma wuri ƴan shekaru, in ya gaji a bar shi ya huta, daji ya maye shi, a koma wani. Muddin ƙasa tana da yawa mutane kaɗan ne, wannan tsari yana tafiya.

Abubuwa da dama ne suka haɗu suka karya shi, sai dai nauyinsu ba ɗaya ba ne. Akwai gyaɗa. Nasara yana son haraji da kuɗi, kuɗi kuma a gyaɗa suke, don haka gonaki suka yi ta cin daji. Bayan samun mulkin kai a 1960 abin ya ƙaru, aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen gyaɗar, Maraɗi ta cika da alhazai. Malaman gona na lokacin kuma abin da suke koyarwa shi ne gona fes, shuka a layi, a tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce. Ga jama'a tana ƙaruwa, saura tana ƙarewa.

Amma wanda ya fi yin ɓarna a asirce, a ganina, doka ce. Ranar 4 ga Yuli 1935 Faransa ta fitar da dokar daji ta ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka. Aka killace wasu dazuzzuka, aka jera wasu itatuwa aka ce ba a taɓa su sai da izini. Nijar mai ƴanci ta gaji wannan tunani, dokar daji ta 1974 ta bi sawunsa, gawo ma yana cikin jerin. A takarda niyyar kare itace ce. A gona kuwa ga yadda manomi ya karanta ta: itacen da ya girma a gonata na gwamnati ne, in na sare reshe mai gandun daji zai ci ni tara, in wani ya zo da dare ya sare ni za a fara tambaya. To me zai sa in bar shi ya girma? Gara in kashe shi tun yana tsiro, lokacin da babu mai kiransa itace. Dokar da aka yi don itace ya rayu, ita ta mayar da shi abin tsoro ga mai gonar.

Sai fari ya zo. Daga 1968 ruwa ya yi ta raguwa, 1973 da 1974 aka sha yunwa, dabbobi suka ƙare. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da Diori Hamani, Seyni Kountché ya hau. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, daga nan ba ta sake komawa yadda take ba. Abin da aka bari shi ne fili tsirara. Mata suna tafiyar sa'o'i neman itacen girki, in ba a samu ba a dafa tuwo da kara da kashin shanu, wato a ƙone abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki. Da farkon damina iska kan taso da yashi ta yanke hatsi yana ɗan tsiro ko ta binne shi, sai an sake shuka sau biyu, sau uku, har iri ya ƙare a rumbu.

Amsar gwamnati da masu ba da agaji ita ce a dasa. Ranar 3 ga Agusta, ranar ƴancin kai, ta zama ranar dashen itace. Aka buɗe wuraren renon itace, aka yi ta raba dogon yaro da turare a ƴan ledoji. A wasu wurare abin ya kama, kamar layukan tare iska da ƙungiyar CARE ta fara dasawa a kwarin Majiya cikin jihar Tawa a 1975. A gonakin jigawa irin namu kuwa mafi yawan dashen mutuwa ya yi. Ɗan itacen da aka fitar daga leda saiwarsa ba ta kai kamu ɗaya ba, ga wata takwas babu ruwa, ga akuya, ga gara. Sannan an dasa shi a filin gari, wanda na kowa ne, don haka babu mai ɗauko masa ruwa daga rijiya mai gaba ashirin. A watan Mayu 1984 Kountché ya tara manyan ƙasa a Maraɗi don muhawara a kan hamada. Taron ya nuna hukuma ta gane girman matsalar.

A daidai wannan lokaci wani Bature ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aiki da mishan ta SIM a Maraɗi. Ya zo a 1981, shi ma dashen yake yi, shi ma yana kallon dashensa yana mutuwa. Kamar yadda ya sha faɗa, wata rana a 1983 yana kan hanyar ƙauye da ƴan itatuwa a bayan mota, ya tsaya rage iskar taya saboda yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gefen hanya. Ya matsa ya duba ganyen, ya ga ashe ganyen babban itace ne. Kututturen da aka sare ne yake tohowa. Kuma irinsa suna nan birjik a kowace gona, ana sare su duk shekara, suna dawowa duk shekara.

Itacen da aka sare, in saiwarsa tana raye, bai mutu ba. Saiwar ta riga ta nutse ta kai ga laima, ta tara abinci na shekaru. Duk abin da za ta tura sama, da ƙarfin babban itace take tura shi. Matsalar ita ce tana tura tsiro ashirin ko talatin a lokaci guda, suna rabon abincin, babu wanda ke tsawo, sai su zama kurmi. In ka zaɓi ƴan kaɗan masu ƙarfi da miƙewa, kamar uku zuwa biyar, ka cire sauran, duk ƙarfin sai ya koma kansu. Ka rage rassan gefe har wajen rabin tsawon, da wuƙa ko gatari mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Wasu kan ɗaura tsumma a jiki don mai wucewa ya san wannan da mai shi. Shi ke nan. Babu leda, babu ban ruwa, babu kuɗi. Cikin shekara biyu zuwa uku abin da ke gwiwa ya wuce kan mutum.

Manoma ƙalilan ne suka yarda suka gwada da farko, kuma sun sha dariya. Sai damina ta 1984 ta ƙi. A watan Afrilu na shekarar Janar Buhari ya rufe iyakokin Najeriya, hatsin da aka saba shigowa da shi ya yanke, har mutanenmu suka laƙaba wa yunwar sunansa, El Buhari. SIM ta shiga rabon abinci a ƙauyuka wajen ɗari, ta sa sharaɗi: wanda zai karɓa sai ya bar tsiro a gonarsa, kamar arba'in a hekta. Mai jin yunwa ba ya gardama. Aka bar itatuwa dubbai. Da aka samu damina, rabon abinci ya tsaya, wajen kashi biyu cikin uku na waɗannan itatuwa aka sare su.

Masu ba da labarin nan a waje sukan wuce wannan wuri da sauri, ni kuwa nan ne ya fi ja mini hankali. Waɗanda suka sare ba wawaye ba ne. Suna tsoron inuwa za ta hana hatsi yi, suna tsoron itace zai tara tsuntsaye, suna tsoron mai gandun daji, kuma babu mai son a nuna gonarsa a ce ga gonar rago. Duk dalilai ne na mai hankali. Amma wasu sun bari, alhali babu sauran buhun da za a ba su. Sun lura a damina ɗaya cewa inda tsiron yake iska ba ta binne shukar ba, ganyen da ya zuba ya jawo gara ta buɗe ƙasa, yashin da iska ta kwaso daga gonar maƙwabci a gindin kurmin ya taru. Rassan da suka rage kuma sun shiga murhu. Suka auna abin da idonsu ya gani da abin da gari zai ce, suka zaɓi na ido. Daga gonakinsu abin ya yaɗu, maƙwabci yana leƙen maƙwabci, ɗan cin rani yana kai labari garinsu.

Ku lura da irin aikin da mai sassaben zamani yake yi, don ya fi kama da namu na rubutu fiye da yadda muke zato. Ba ya ƙara komai a gonar. Yana tsaye gaban kututture mai tsiro talatin, dole ya kashe ashirin da biyar. Wane zai bari? Sannan kututturen wane itace zai bari, kuma a ina? Gawo abokin hatsi ne, don shi yana zubar da ganye da damina lokacin da shuka ke son rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabba ke neman inuwa, ga ƴaƴansa abincin tumaki, ga saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Sai dai yana da jinkirin girma a farko, mai barinsa yana yi wa shekara goma gaba aiki ne. Sabara da kalgo suna saurin ba da itacen girki da sandunan rumbu. Aduwa da magarya ƴaƴa suke bayarwa, yara su ci, mata su kai kasuwa. Mai dabbobi da yawa zaɓinsa daban, mai ƴaƴa mata da yawa a gida zaɓinsa daban, matar da ke noma ƴar gamanarta ita ma da nata lissafin. Wani reshe ɗaya yake bari ya zama babban itace, wani biyar yake bari yana sare ɗaya kowace shekara wani na maye gurbinsa. Ƙa'idojin da furoje ya zo da su tun farko manoma sun lanƙwasa su yadda ya dace da su, kuma lanƙwasawar ce ta sa abin ya rayu. Shi ya sa ba za ka ga gona biyu iri ɗaya ba. In ka iya karatun gona, daga itatuwanta za ka gane abin da mai ita yake tsoro da abin da yake fata.

Sauran tarihin na mallaka ne. Tun a tsakiyar shekarun 1980 ma'aikatan daji na Maraɗi suka fara sassauta wa manoman da ke renon itace a gonarsu. Kountché ya rasu a 1987, aljihun gwamnati ya bushe, aka shiga rikicin siyasa har zuwa babban taron ƙasa na 1991. Abin dariya a nan shi ne, raunin gwamnati ya yi wa itace rana: da mai gandun daji ya rage zuwa ƙauye, sai manomi ya fara jin itacen nasa ne. Doka ta biyo baya a hankali. Dokar karkara ta 1993, sannan sabuwar dokar daji ta 2004, sannan a watan Yuli 2020 aka fitar da doka ta musamman a kan wannan aiki, wadda ta amince wa manomi da haƙƙi a kan itacen da ya rena. Wato sai da aka yi shekara talatin da ƴan kai manoma suna aikin kafin takarda ta cim musu.

Ƙasar Agye, wadda Gazawa take cikinta har zuwa 2011 da aka ba ta nata yankin, tana da nata babi a wannan tarihi. Matsalar da ta taso bayan itatuwa sun girma ita ce sata. Ka rena itace shekara biyar, wani ya zo da dare ya sare ya kai kasuwa. Ga kuma makiyaya da ke sassake rassa don dabbobinsu, su ma da gaskiyarsu, tunda burtali da makiyaya sun koma gonaki. A Ɗan Saga da garuruwan kewaye, tare da tallafin furojen asusun FIDA, mutane suka kafa kwamitocin tsaro na gari. Abin da ya bambanta su shi ne wanda aka sa a ciki: maza, da mata, da matasa, da Fulani makiyaya. Gari ya zauna ya tsara ƙa'idarsa, ya yanka tarar wanda aka kama, mai gari ya sa hannu. A tsakiyar shekarun 2000 an ƙidaya irin waɗannan kwamitoci 53 da suka haɗa ƙauyuka wajen 170. Har daga wasu ƙasashe an riƙa kawo manoma Ɗan Saga su ga yadda ake yi. Wannan ma tsari ne, kuma ya fi na reshe wuya, don shi mutane ake tsarawa.

Duniya ba ta farga ba sai wajen 2004 zuwa 2006, lokacin da masu bincike, cikinsu akwai Mahamane Larwanou ɗan Nijar, da Chris Reij ɗan Holan, da Gray Tappan na Amurka, suka kwatanta hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na lokacin. Suka ga garuruwan da mutane suka ninka, itatuwa ma sun ninka, saɓanin duk abin da littattafai ke cewa. Ƙiyasin da suka fitar shi ne hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200. A yunwar 2005 gidajen da ke da itace a gona sun samu abin sayarwa, itacen girki da ganye da ƴaƴan gawo, suka sayi tiya ba tare da sun taɓa akuyar gida ba.

A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da dabarar ramukan zai. Rinaudo ya cancanta, kuma shi da kansa yakan ce dabarar ta girme shi. Amma labarin da ake bayarwa a waje, na mutum ɗaya da ya tsaya a bakin hanya ƙasa ta yi kore, ya yi wa abin da ya faru kaɗan. Mafi cikar gawo a Nijar yana Magarya da Matamai da Mirya, a jihar Damagaram, inda manoma suka yi nasu ba tare da furojen SIM ba, a ƙasar da ake tuna hukuncin Tanimun. Rahotannin da aka rubuta da Faransanci da Ingilishi cike suke da sunayen furoje da na masu bincike. Mutumin da ya ƙi sare tsironsa a 1985, gari yana masa dariya, in a lokacin yana da shekara talatin, yau ya kai saba'in. Wasunsu suna nan zaune a gindin itacen da suka bari, a Agye da Gangara da Gazawa, kuma mu masu biro da kaye a jaka muna wuce su kullum da gaisuwa kawai, ina kwana Baba, ina gajiya.

Akwai kuma abin da sassaben zamani ba ya iya yi. Kututture yake tayarwa, don haka abin da ya dawo shi ne abin da saiwarsa ta jure sara da wuta: sabara, kalgo, taramniya, geza, sai gawo da aduwa da dabbobi ke baza irinsu a kashi. Itatuwan da aka tumɓuke har saiwa, ko waɗanda fari ya kashe tun daga ƙasa, ba su dawo ba. Tambayi tsohuwa a gidanku yaushe rabonta da ganin ɗorawa ko marke a gonar gidan, za ta lissafa maka wasu sunayen da ba ka taɓa ji ba. Ga gonaki suna ta ƙanƙancewa da rabon gado, wanda ya gaji rabin hekta kuma kowane taku na inuwa lissafi ne a wurinsa. Irin su ɗorawa da kuka da tsamiya sai an koma ga iri, an shuka, an yi masa shinge da ƙaya, an ɗauko masa ruwa da rani, kamar dai dashen da ya ƙi kamawa a 1980, sai dai yanzu a gonar mai shi.